Ranar da matan Wanke suka ƙi injin ɗalibin ƙanena

Ku ɗan matso, jama'a, in ba ku wani labari da na daɗe ina juyawa a raina. Watan nan ƙanena Lawali ya cika shekara tara da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ɗalibansa Dakta suke ce masa, ni kuwa da na goye shi a bayana, Lawali na sani. Malamin injiniya ne a jami'a, a ɓangaren ƙera injinan noma da gyaran hatsi. Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ba mai fita ba ce, duk lokacin da ka zo Damba a nan Gusau, a tsakar gida za ka same ni. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa a gabana ba ya ɓata, Lawali kuwa ya faɗi abubuwa da yawa a kan tabarmata yana shan fura.

Yana da wata doka da shi ya ƙirƙiro abarsa. Duk ɗalibin da ya ƙera inji don gama karatu, ba zai sa masa hannu ba sai an ɗora injin a a-kori-kura an kai wa mutanen da za su yi aiki da shi. Su gwada, su faɗi abin da suka gani. Shi kuwa sai ya nemi gindin bishiya ya zauna, ba zai ce uffan ba. Wasu abokan aikinsa ba su so haka ba. Cewa suke ɓata lokaci ne da man mota, kuma ta yaya tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba za ta yanke wa ɗan jami'a hukunci? Jira kawai suke dokar ta cuci wani ɗalibi su ce a soke ta.

Sai ga shekarar Murtala. Wani ɗalibi ne ɗan Tsafe, dogo, mai yawan murmushi, kuma mai ƙwaƙwalwa. Injin surfe ya ƙera, wanda zai cire wa gero da dawa dusa ba sai mace ta wuni a bakin turmi ba. Lawali ya yi ta yabonsa a gidana har na gaji da ji. Da za a kai shi Wanke, inda dangin mahaifiyarmu suke, sai ya ce dole in bi su, tunda maza ba za su shiga gidaje su kira mata ba. Na yi ƙorafi, na ɗauki mayafi.

Mata sun taru, kowacce da ƙwaryar geronta. Aka tayar da inji, aka zuba, kafin ka ce me tsaba tana zubowa fes, ko tsinke babu. Ɗalibai suka hau tafi. Ni ban kalli injin ba, matan nake saurare, kuma ban ji guɗa ba, ban ji ko "madalla" ba. Ƙus-ƙus kawai nake ji a bayana. Can wata tsohuwa, Inna Tumba, ƙawar mahaifiyarmu, ta dogara sanda ta matso wajen Murtala.

Ta ce, "Kai ango, zo nan. Ina dussa tat tafi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai Inna, aikin injin ke nan. Akwai fanka a ciki, ita ke hure dattin ya fita."

"Datti?" Ta juya ta dubi sauran mata. "Kun ji angona. Tun ba a ɗaura ba ya fara zubar min da dukiya. Wanga inji naka ɓarawo na, ɗauke abinka."

Muka duba bayan injin. Dusa ta watsu ko'ina, ta cakuɗe da yashi, kajin unguwa sun zo suna biki. Matan suka ɗauki ƙorensu suka koma gida ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce me ye abin fushi a dusa. To hatsi na maigida ne, shi ya noma, shi ke ɗebowa daga rumbu. Amma dusar da ta fito daga turmi ta mace ce, ba mai tambayarta. Da ita take kiwon awakinta, da ita take musaya da matan Fulani su ba ta nono, su kai wa shanunsu. Wahalar surfe ta sha, ladarta ke nan. Injin Murtala ya raba ta da wahalar, ya haɗa da ladar.

Muna cikin mota, mun kusa shigowa gari. Sai Lawali ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, rigar makarantata ta farko, da me mahaifiyarmu ta saya?"

Na ce, "Ɗan akuyarta ta sayar."

"Akuyar me take ci?"

Dusa take ci, ni da shi duk mun sani. Shi ne ya duba zanen injin nan tun yana takarda, ya ga fankar, ya sa hannu. A littafin da suka karanta an rubuta dusa a cikin abin zubarwa, shi kuma ya yi shekaru yana karanta littafi har ya manta tsakar gidan da ya tashi. Abin da na fi alfahari da shi a rayuwar Lawali ba digirorinsa ba ne, abin da ya yi washegari ne. Ya tsaya gaban abokan aikinsa ya ce kuskuren nasa ne, ba na yaron ba. Suka ce sun ji, amma saura mako uku a rufe karɓar aiki. In matan ba su karɓa ba, Murtala zai maimaita shekara, dokar kuma ta ƙare ke nan.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Da farko buhu suka ɗaura a bakin fankar, ya kumbura ya fashe. Suka sa bututu, ya yi aiki, amma da aka zuba geron da mata suka shirya sai ya toshe. Sai Murtala ya zo gidana ya ce yana so ya ga yadda ake surfe da idonsa, don duk girmansa bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ya ga na yayyafa wa geron ruwa kafin in sa taɓarya, ya dafe kai. Ashe dusa mai danshi ce ke liƙe musu a bututu, su kuwa da busasshen hatsi suke gwaji a makaranta. Na miƙa masa taɓarya, ya yi kaɗan hannunsa ya yi ruwa, matan gidana suka yi ta yi masa dariya. Daga nan ya tafi Bungudu wajen wani tsohon mai walda, suka yi kwanaki suna lanƙwasa ƙarfe har suka fitar da wani abu kamar babban mazurari, iska ta juya a ciki ta fita sama, dusa ta sauko ƙasa cikin buhu.

Da muka koma Wanke, da ƙyar na shawo kan mata suka fito. Inna Tumba ba ta ko kalli tsabar ba. Buhun ta nufa, ta damƙo dusa, ta murza, ta shinshina, ta sa kaɗan a harshe don ta ji ko da yashi. Murtala na tsaye yana kallonta.

Ta ce, "To ango, yanzu ka fara iya riƙon mata. A ɗaura."

Sai guɗa ta tashi. Na hango Lawali a gindin bishiyarsa yana goge ido da hula, wai ƙura ce.

Sau da yawa ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Zai ji daɗin famfunan sola da ke ba da ruwa a fadamu, shi da kullum yake kukan tsadar mai. Zai yi mamakin yaran da ke zana inji a kwamfuta su juya shi ta kowane gefe tun ba a yanka ƙarfe ba. Zai fi jin daɗin yawan 'yan matan da suka shiga karatun, don a zamaninsa da wuya ka ga biyu a aji. Amma hanyar ƙauye za ta ɓata masa rai. Kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki, ba malamin da zai kwashi 'ya'yan mutane ya shiga daji da su a kan gwajin inji. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa abin da ke damuna ke nan, ina ganin da dokarsa aka rufe shi, kuma ban ga laifin kowa ba.

Kwanakin baya aka yi sallama, sai ga Murtala, ya yi ƙiba har da furfura a gemu. Yanzu shi ke koyarwa a inda Lawali ya bari. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, tunda mu ba ma iya zuwa, ku za mu riƙa ɗaukowa." Ya turo mota, muka tafi mu takwas, har da matan Wanke uku da wata Bafulatana mai kawo min nono. Inna Tumba ta riga mu gidan gaskiya, jikarta ce ta zo. Shekara da shekaru ƙanena na aiki a ɗakin ƙere-ƙeren nan, ban taɓa taka shi ba sai ranar.

Na zaci inji za a nuna mana. Sai wata ɗaliba ta shimfiɗa mana tabarma a tsakanin ƙarafa, ta zauna a ƙasa da farar takarda ba komai a kanta. Ta ce ita ba ta fara ƙera komai ba tukuna, so take mu gaya mata wane aiki ne ya fi cin ƙarfinmu, kuma me muke tsoron inji ya raba mu da shi. Muka yi ta zuba har la'asar, tana rubutawa. Ko Lawali bai kai nan ba, shi sai an gama yake tambaya.

Ba zan ce daidai yake da zuwa ƙauye ba, don a ɗakin nan babu yashi, babu kaji, babu akuyar da za ta nuna maka kuskurenka. Injin surfen nan ma na ji ya daɗe da tsufa. Amma na dawo gida zuciyata a sake, na yi wa ƙanena addu'a ban yi kuka ba.

To ku da kuke da ɗa ko 'ya a karatun injiniya, a gidanku wace ce ta san abin da littafinsu ya manta, kuma sun taɓa zama a gabanta sun tambaye ta?