Azumin Inna Furera a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa shan fura a bakin tashar Kabo, da wuya a ce bai sha daga ƙwaryar Inna Furera ba. Doguwar mace ce siririya, wuyanta ya ɗan karkace saboda daɗewa a ƙarƙashin kaya. Iyayenta makiyaya ne da suka gaji da yawo, suka yada zango a Dugabau, suka kama fartanya ba tare da sun saki sanda ba. A nan aka haife ta, a nan ta auri Jalo, a nan aka binne shi. Tun tana budurwa take tashi kafin zakara ta yi tatsa, ta daka gero, ta kama hanyar Kabo, ta dawo da yamma ta ɗora tuwo. In ka tambaye ta yaushe rabonta da hutu, sai ta tuno maka shekarar da zazzaɓi ya kayar da ita.

Ɗanta na fari shi ne Hadi, kuma a gidansu ɗan fari ba abin wasa ba ne. Ba a kiran sunansa, ba a hira da shi, ba a zama a ci abinci yana kallo. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, ita ma ba ta taɓa tunanin akwai wata hanya ba. Ana yaye shi uwar Jalo ta ɗauke shi ta goya. Wata rana yana ƙarami saniya ta ture shi a tsakar gida, goshinsa ya fashe, mata suka yo kansa da salati. Furera tana daka a lokacin, kuma ba ta ajiye taɓarya ba, don idon surukarta na kanta. Sai da aka fita da shi ta zaga bayan rumbu ta durƙusa, ta yi kukan da har yau babu wanda ya san ta yi shi. Ranar an yaba mata ƙwarai, aka ce Jalo ya auro 'yar mutunci.

Yaron ya tafi makarantar kwana, daga can sai jami'a, ya zama likitan dabbobi, aiki ya kai shi Abuja. Ya auri Badi'a, 'yar wani malamin makaranta a Gwarzo, suka haifi 'ya'ya, babbar cikinsu Zinnira. In ya zo gida, Furera kan dama masa furar da ba ta taɓa sayar wa kowa irinta ba, ta ba ƙanwarsa Rahama ta kai masa zaure. In magana ta kama, sai ta kalli bango ta ce, "Rahama, ki ce da mutumin Habuja an gode."

Bayan kaka ta bara ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta.

"Inna, barka da hutawa. Mun same ku lafiya? Ya ƙafar?"

"Rahama, ki ce masa da sauƙi."

"Inna, zan kai yara hutu wani tsibiri, Zanzibar sunansa. Garin Musulmi ne, ana kiran salla. Da ke za mu tafi. Kin yi wahala ta isa, ki je ki huta."

Furera ta gyara mayafi. "Ki tambaye shi wa zai tatsar min shanun."

"Ni mana, Inna," in ji Rahama, wadda tuni an gama ƙulla maganar da ita.

Da ƙanensa ne ya zo da wannan zance, da ta wanke shi tas, ta ce ya je ya nemi abin yi. To amma wanda ba ka hira da shi, ta ina za ka yi musu da shi? Haka ta tsinci kanta ana jan ta Kano, yau ɗaukar hoto, gobe allura, jibi layi a ofis. Ranar tafiya ta ƙulle fura da man shanu a cikin kayanta, masu bincike a filin jirgi suka ce ba a wucewa da su. Jirgi ya sauke su a wata ƙasa, suka yi zaman jira har ƙafafunta suka kumbura, sannan wani ya kwashe su. Tun ba a isa wurin hutun ba ta riga ta gaji fiye da ranar kasuwa.

Tsibirin kuwa yana da kyau, wannan ba a musu. Yashi fari fat, itatuwan kwakwa a jere, ruwa shuɗi har inda ido ya tsaya. Yara suka ruga da ihu. Furera ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar. Ruwa mai yawa haka, amma ko saniya ɗaya ba za ta iya sha ba! Ta ga manyan mutane da hankalinsu kwance a rana babu ciwon komai, aka ce mata don wannan kwanciyar suka baro garuruwansu. Mutanen da ta gane kansu a wurin su ne waɗansu mata 'yan garin, da ke sunkuye a cikin ruwa in ya janye, suna tsinkar wata ciyawa suna turawa a buhu. Ta daɗe tana kallonsu, har ta ji tana kishin bayansu da ke ciwo don dalili.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar tana wurin cin abinci. A masaukin nan rumfa guda ce babba, kowane iyali da teburinsu. Hadi da kansa ya ja mata kujera, ya zauna daidai gabanta, ya cika mata faranti da shinkafa da kifi har ya yi tozo, ya tura mata yana murmushi.

"Bismilla, Inna."

Furera ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa. Ta kai loma baki yana kallo? Ta tauna, ta haɗiye, a gaban ɗan fari? Ta sunkuyar da kai ta ce da jikarta, "Zinnira, ce da babanki na ƙoshi. Jirgin nan ya hautsina min ciki."

Da suka koma ɗaki Badi'a ta biyo ta. Yarinya ce mai kirki, sai dai ta daɗe a birni. "Inna, ko in kawo miki wani abu nan?"

"A'a, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Na ƙoshi."

A Dugabau ba a tambayar baƙo ko zai ci. Ajiye masa ake yi a ja ƙofa, a dawo a ɗauki kwano ba tare da an duba cikinsa ba. Wane babba ne zai buɗe baki ya ce da surukarsa ee, yunwa nake ji? Furera ta jira a dawo da kwano a rufe. Badi'a kuwa ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ta yi mata sai anjima. Abin da ya shiga cikin tsohuwar nan ranar shi ne ɓarin goro da ragowar biskit ɗin yara.

Washegari da aka sake jan kujera, dabara ta faɗo mata. Ta ce a gaya wa ɗan nata azumi take yi. Da yake ba ta iya ƙarya da sunan Allah ba, kuma tun asuba babu abin da ta sa a baki, nan take ta ƙulla niyyar nafila ta mai da maganar gaskiya. Ta ce a ranta in rana ta faɗi za a kai mata abin buɗa-baki ɗaki, ta ci ta ƙoshi ita kaɗai. Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Ana kiran magariba sai ga Hadi da faranti niƙi-niƙi a hannunsa, dabino, kankana, shayi, nama. Ya ajiye a gabanta, ya naɗe ƙafa a kan darduma ya zauna, wai shi ma yana son ladan ciyar da mai azumi. Ta juya gefe ta kurɓi ruwa, ta ɗauki dabino ɗaya ta riƙe a tafin hannu. Ya jira, ya jira. Daga baya ya kwashi farantinsa ya fita da shi.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Da rana azumi, da magariba ruwa da dabinon da take ci bayan ya fita, sai ɗan burodin da Zinnira kan manta a kan gado. Aka kai su kallon kunkuru, ta bi. Aka sa su a kwalekwale, ta runtse ido tana salati. Aka yi ta ɗaukar hoto ana cewa Inna ki yi dariya. Yunwa ta fara galabaitar da ita, ga kewar shanunta, ga barcin da ba ya zuwa a kan katifar da mutum ke nutsewa a ciki. Ita dai lissafinta ɗaya, a gama hutun nan ta koma gida ta huta.

Ana jibi za su tafi, ta idar da la'asar tana zaune a kan darduma, sai ta jiyo muryarsa ta taga. Shi da matarsa ne a barandar ɗakinsu, ba su san tagar a buɗe take ba.

"Na gaji, Badi'a, wallahi na gaji. Sunana ban taɓa jin sa a bakinta ba, na haƙura. To abincin ma?"

"Kunya ce, Baban Zinnira. Ka san mutanen da."

"Kunya har mutum ya gwammace yunwa? Rahama kwano ɗaya suke ci da ita. Ni na kawo ta nan ne don ko sau ɗaya mu zauna kamar uwa da ɗa, inda babu idon kowa. Ashe ba idon mutane ba ne. Ni ne ba ta so." Sannan ya ƙara da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Ranar da saniya ta fasa min goshi ina tunawa. Ina kuka ina kallonta, ko dakanta ba ta tsayar ba."

Carbin ya tsaya a hannun Furera. Duk tsawon shekarun nan ta ɗauka ya sani. Ta ɗauka kowane ɗan fari ya san cewa kau da kan da ake yi masa girmamawa ce, kuma wanda aka fi ji a rai shi aka fi ɓoyewa. Wa zai gaya masa? Kakar da ta goye shi ta rasu yana makarantar kwana, ubansa ba mai magana ba ne, ita kuwa da ta fi kowa sanin amsar ba ta da bakin da za ta ba shi. Baƙin ciki ya cika ta, har da haushi. Ta ji haushin matan da suka yaba mata a ranar, ta ji haushinsa da duk karatunsa bai karanci wannan ba, ta fi jin haushin kanta.

Washegari ba ta ɗauki azumi ba. Da azahar ta riga kowa isa rumfar, ta ja kujerar da ke gabansa da hannunta ta zauna. Ta ce, "Zinnira, zubo min."

Hadi ya ɗago kai, fuskarsa ta washe kamar ta yaron da aka saya wa takalmin salla. Ya ajiye cokalinsa ya zuba mata ido, wanda shi ne abu mafi muni da zai iya yi, amma bai sani ba.

Ta wanke hannu, ta yi bismilla, ta dunƙula loma. Hannun da ya shekara hamsin yana ɗaga taɓarya ya kasa riƙe loma, shinkafa na zubewa a kan tebur. Gumi ya keto mata. Ta cije ta kai lomar baki, ta tauna, ta tauna, maƙogwaro ya ce bai san zance ba. Ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye suka gangaro, amma ba ta tashi ba. Ta sake miƙa hannu ta dunƙula ta biyu.

Murmushin ya bar fuskar Hadi a hankali. Ya dubi hannun, ya dubi yadda wuyanta ya rame a 'yan kwanakin nan, ya dubi lomar da take ƙoƙarin kaiwa baki saboda shi. Sai ya miƙe, ya ɗaga kujerarsa, ya juya ta, ya zauna ya ba ta baya.

"Zinnira," ya ce, "ki ce da Inna ni teku nake kallo. Zan daɗe ina kallo."

Lomar ta wuce. Ta bi ta da wata, da wata, ta ci kifin har ƙaya, Badi'a ta ƙara mata ba tare da ta tambaya ba. Da cikinta ya ɗauka, ta jingina da kujera, gajiyar duniya ta sauko mata gaba ɗaya. Sai ta lura babu mai kallonta, shi ma ba ya ganinta. Ta ɗaga ido ta sauke a kansa, ta bar shi a can, abin da ba ta yi ba tun yana cikin zanen goyo. Kafaɗun na Jalo ne. Kunnuwan irin na gidan iyayenta ne. A ƙarƙashin hular kuwa, daga ƙeya har bayan kunne, gashin ya yi fari.

Ta jawo jikarta kusa, ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba.

"Zinnira, yaushe yaron nan nawa ya yi furfura?"