Yarinya Mai Neman Ruwan Batir

Yana zaune a bencin mai cajin batir, yana jiran motar da yake ɗaukar fasinja da ita a lokacin aiki, sai ga wata yarinya ta nufi mai cajin. Siririya ce, kayan makarantarta sun koɗe, hannun rigar duk 'yan hujoji kamar ɓera ya ɗanɗana. Tana rungume da littafin kimistiri marar bango, ga wankakkiyar kwalbar magani a tafinta.

"Kawu, ruwan batir kaɗan nake so. Jarrabawar gwaji saura mako biyu, a bayan ɗakin girkinmu nake koyo."

"Ikon Allah! Za ki tashi gidanku ke nan. Ba ku da malami ne?" in ji mai cajin.

"Sunansa yana jadawali. Fuskarsa ce ba mu taɓa gani ba."

Sai yanzu mutumin benci ya lura da bajon makaranta da ke ƙirjinta. Makarantarsa ce, sunan nan na jadawali kuwa nasa ne. A zuciyarsa yana hango ta tsugune ita kaɗai, kofunan shayi sun zame mata kayan gwaji.

"In na je zan zuba masa ruwa ya rage ƙarfi," in ji ta.

"A'a, 'yata," in ji mutumin benci. "Ruwa za ki fara zubawa, sannan ki ɗiga shi a hankali, kada ya fantsamar miki a ido."

Ta juyo, fuskarta ta washe. "Baba, kai ma ka yi kimistiri?"

Ya sunkuyar da kai, yana juya makullin motar.

"Da can," ya ce.