Ƙaho a Kan Lafiyayyar Cinya

Ina da shekara arba'in da bakwai na yarda aka saka ni a wasan ƙwallo tsakanin malaman makarantun Bodinga da na Shagari. Wauta ce, na sani. Minti ashirin na yi a fili, na kwana biyu ina salla a zaune saboda tsamin jiki.

Wani abokin aikina ya kai ni wurin ƙanensa, ma'aikacin lafiya da ya koyo maganin allurai irin na mutanen Sin. Ya tsira mini siraran allurai a cinyoyi, ya bar su kusan rabin awa, ya zare. Ko ɗigon jini babu. Ko allurar ce, ko hutun ne, oho. Washegari dai na yi ruku'u lafiya lau.

Ranar ce kuma wanzamin gidanmu ya iso daga Shagari da zabirarsa, don labari ya kai masa cewa na kwanta. Tsoho ne, shi ya yi mini kaciya, kuma tun zamanin kakanmu ba wanda ke taɓa jikin ɗan gidanmu sai zuri'arsu. In na ce wani ya riga shi, na tsinka wannan igiyar da bakina. Sai na yi abin da matsoraci ke yi, na kwanta a tabarma ina nishin ƙarya.

Ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya cire, ya yi tsaga da aska, ya sake kafawa. Da ya juye jinin a ƙasa sai ya tsaya yana kallonsa. Wanzami baƙin jini mai gudaji yake nema, shi ne shaidar ciwo a wurinsu. Nawa ja wur ya fito.

"Malam," in ji shi, "wanga jinin mai lahiya na. Wa yar riga ni?"

Na faɗa masa. Kunya ta kama ni sosai.

Bai yi faɗa ba. Ya wanke askarsa a hankali, ya ce, "Da ka gaya min, da sai in yi ma barka in koma. Ka sa na yanki mutum a banza. Ban taɓa yi ba."

Har yau yana zuwa yi mini aski ranar Juma'a. Mukan yi hirar albasa da farashin taki. Bai ƙara tambayata ya jikina ba.