Agogon Falo

Na taɓa rainon wata jaririya a unguwar Tandabawi da ke Makka. Uwarta Bahaushiya ce haifaffiyar Makka, tun safe take fita aiki. Wata rana ta kawo sabon agogo ta ajiye a falo. Da na zo zubar da kwalinsa, sai na ga Turanci a jiki. Na yi sakandare a Kano, don haka na karanta: "hidin", wato ɓoyayye, "nani kam", wato kyamarar sa ido kan mai raino.

Da yamma ta ce, "Yaya, agogon ya yi kyau?"

Na ce, "Ya yi."

Daga ranar na daina yi wa jaririyar waƙa da surutu, alhali duk garin ba ni da abokiyar hira sai ita.