Matar da Ta Rage Mini Zaƙi

Ranar ana yayyafi tun tsakar rana, irin mai jiƙa mutum bai sani ba. Na fito daga asibiti a birnin Jenowa na Italiya, likita ya ce sukari ya yi mini yawa a jini. Na shiga mashayar tashar jirgi in sha haɗin giyar Negroni na ban kwana, abin da ni da marigayiya matata muke sha kowace yamma.

Har yanzu ina ganin matar da ke bayan kantar sayar da giya. Gajera ce, furfura ta fara mata, tabarau na rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Yatsunta sun yi ja saboda ƙanƙara. Ba ta gaggawa, kuma tana kallon fuskar mutum kafin ya yi magana. Ina jin ta taɓa yin doguwar jinyar wani a gida.

Na gaya mata abin da likita ya ce, kuma wannan kofin na ban kwana ne.

Ta ce, "Ban kwana kuma, Baba? Likitan naka ya taɓa tsayawa a bayan kanta?"

Ta zuba giyar da ake kira jin da wata jar giya mai ɗaci. Ta tsallake kwalbar giyar inabi mai zaƙi da aka saba sawa, ta ɗauko fara marar zaƙi. Ta juya da dogon cokali, ta murɗa ɓawon lemon tsami a kai.

"Zaƙin ya ragu, bai ƙare ba. Kofi ɗaya, ranar Lahadi kawai."

Ya fi ɗaci, amma Negroni ɗin ne dai. Haka nake haɗa nawa a gida yanzu. Ban tambayi sunanta ba. A raina, tana nan bayan wannan kantar har yau.