Takalman da Ɗangoggo ya bari a titi

Da za a tara takalman da Ɗangoggo direba ya bari a titunan Abuja, wallahi da an buɗe shago a kasuwar Masaka. Laifin kuwa na goggonsa ne, wadda ta rene shi a Yangoji. Matar nan ba ta wasa: ka taka mata ɗaki da takalmi, muciya ce za ta gaishe ka. Haka ya tashi, duk abin da ke da ƙofa sai ya tuɓe kafin ya shiga.

To, mota ma ai tana da ƙofa. Tun lokacin da yake jan bas tsakanin Masaka da cikin gari, sai ya cire silifas a bakin titi, ya jera su tsaf, ya yi bisimilla ya shiga, ya ba ta wuta. Sai an yi nisa zai tuna. Idan abokai suka tsokane shi, ya ce ai babban yatsansa ya fi kowane takalmi sanin birki.

Shekaru suka ja, furfura ta fito, ya samu aikin tuƙa Hajiya Mashkura, wata babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya. Aiki ne na rufin asiri, da shi yake ciyar da gidansa. Ba a jima ba jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da su, ɗaya ya leƙa ya ga ƙafa tsirara a kan totur. Ya yi masa wa'azi mai tsawo: silifas na iya maƙalewa a ƙarƙashin birki, ƙafa mai gumi na iya zamewa, direban kirki takalmi mai kama ƙafa yake sawa. Hajiya na baya, kunya kamar ta nutse.

Washegari ta miƙo masa sau-ciki sabo fil. Ta ce, "Malam Ɗangoggo, na girmama furfurarka. Amma ranar da na sake ganin ƙafarka a waje, ka ajiye min makulli."

Bawan Allah ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya daure wata da watanni, yatsu na kuka yana ba su haƙuri. Sai ranar da suka kai wa 'yar Hajiya kaya makarantar lauyoyi a Bwari. Ya yi azahar, ya dawo, ya tsaya a bakin mota zuciyarsa na can wani wuri, hannu ya yi abin da ya saba.

Suna fitowa gari, ga jami'ai. Aka leƙa. Kash! Yatsu goma reras suna shan iska.

"Fito!" in ji Hajiya. "Ba ni makullin. Ni ma na iya tuƙi."

Ɗangoggo ya fito ya miƙa mata makullin. Ya koma kujerar gefe yana tunanin abin da zai faɗa wa iyalinsa. Hajiya ta zagayo ƙwas-ƙwas a kan takalmi mai tsini, sai jami'in ya ce, "Hajiya, ai wannan naki ya fi nasa haɗari." Ta harare shi, ta zaro wani shafaffen takalmi daga jaka, ta zauna ƙafafu a waje ta sauya, ta ja ƙofa garam, ta fizgi mota.

Ɗangoggo ya kalli madubi. Ga masu tsinin can a kan kwalta, a jere tsaf, suna ƙanƙancewa. Daɗi ya kama shi har maƙogwaro, amma ya kame bakinsa sai da suka kusa unguwar Dutse.

"Hajiya," ya ce a ladabce, "na ce ko za mu koma ne? Naki ma suna can."

Ta dubi ƙafarta. Ta dubi tasa. Shi kuwa ya fara karanto addu'a. Can ta juya kan mota.

"Mu kwaso su duka," ta ce. "Ka sa naka ka karɓi motarka. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, ka kuka da kanka."

Har yau shi ke tuƙa ta, da sau-cikinsa a ƙafa. Amana kuwa ya riƙe ta gam, bai taɓa faɗa wa kowa ba, in ban da mutanen Masaka.