Riga Mai Lamba Tara

Ranar da Bulus ya shigo ofishinmu ba ta taɓa fita raina ba, kuma ku da kuka zo aikin nan bayanmu ya kamata ku ji labarinta.

A ƙarshen shekarun tamanin ina ƙaramar ma'aikaciya a sashen wasan kwaikwayo na wani gidan talbijin a Kaduna. Aikina kula da tufafin 'yan wasa. Furodusanmu, Malam Sani, ya shirya wasan barkwanci a kan wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta gaske, wadda gari ke ji da ita a lokacin. Muka sauya sunan ƙungiyar da na 'yan wasanta, muka ɗauka mun gama kiyayewa.

Ni aka aika aron riguna, kocinsu ya ba ni tsofaffi cikin buhu da murnarsa. A wasan akwai wani gaula da muka sa wa suna Falwaya, tsawo har tsawo, amma ko an sauko masa da kwandon ƙasa ba ya iya jefawa ciki. Na gwada masa rigunan, mai lamba tara ce kaɗai ta rufe masa cibiya. Na ba shi, ban tambayi mai ita ba.

Tsarinmu a lokacin, sai mun ɗauki zango guda, wato fitowa goma sha uku, kafin a fara nunawa. Wasa ya karɓu, har kanmu ya fara kumbura.

A mako na shida wani dogon mutum ya sunkuyo ta ƙofata.

"Malama, ke ce mai riguna?"

Na ce ni ce.

"Sunana Bulus, a Abakpa nake. Ni ne lamba tara."

Na yi dariya, ina zaton yabo ya kawo. Shi bai yi ba.

"Shekara shida ina sa lambar nan," in ji shi. "Yanzu da na riƙe ƙwallo sai 'yan kallo su ɗauka, Falwaya, Falwaya! Namu fa, ba na abokan karawa ba. Ko na jefa ba ta shiga. Koci ya ce in wata ya ƙare ban dawo daidai ba, zai ajiye ni. Ni me na yi muku?"

Kunya ta rufe ni. Na tafi wurin Malam Sani na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, a taimaka a gyara."

Ya ce, "Asabe, bakin alƙalami ya bushe. Sauran bakwai ɗin suna kan kaset, kyamarar waje kuma guda ce, sai an bi layi bayan 'yan labarai."

Na nace masa kamar ƙaya a zani, har ya yarda a sake ɗaukar fitowar ƙarshe. Muka rubuta cewa Bulus da kansa zai zo ya ce rigarsa ce aka sata, ya tuɓe ta daga jikin Falwaya. Ranar ɗauka ya tsaya daga nesa ya jefa ƙwallo biyar a jere, duk suka shige, babu wadda ta ko taɓa bakin kwando. Mai kyamara ma sai da ya yi tafi.

Amma fitowar ƙarshe sai ƙarshe. Na roƙi shugaban shirye-shirye a matso da ita gaba, ya ce an riga an buga jadawali. Kafin ranarta ta zo, ƙungiyar ta sallami Bulus.

Bayan shekaru na gan shi a filin wata firamare a Doka yana koyar da motsa jiki, ɗalibai na kiransa Malam Falwaya, yana amsawa. Na gaishe shi, na nemi gafara.

"Ya wuce, Hajiya," ya ce yana murmushi. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ranar da kuka nuna ta gaskiyar, na tara maƙwabta a ɗakina, sai aka ɗauke wuta a Abakpa."

Mu masu aikin nan muna ba gari dariya mu koma gida, ba mu cika tambayar wanda ya kwana da ita ba. Tun daga ranar ban sake sa wa ɗan wasa ko hula ba, sai na san daga kan wa aka ciro ta.